Tsarin Delfi da Matsalar Haɗa Kan Masana: Waiwaye a Tarihi

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun wata dabara da aka ƙirƙiro a Amurka domin daidaita ra'ayoyin masana a kan al'amarin da babu mai tabbacinsa, sa'an nan mu auna ko haɗuwar bakinsu hujja ce.

A farkon shekarun 1950 rundunar mayaƙan sama ta Amurka ta ɗora wa cibiyar bincike ta RAND wani aiki mai nauyi, watau ta ƙiyasta yawan bama-baman nukiliya da Tarayyar Sobiyet za ta buƙata kafin ta gurgunta masana'antun makamai na Amurka. Ba a taɓa yin irin wannan yaƙi ba, balle a koma ga tarihinsa. Sai Olaf Helmer da Norman Dalkey suka nemi masana 7, huɗu daga cikinsu masana tattalin arziki, amma ba su tara su a zaure ɗaya ba. Dalilinsu kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa zaman kwamiti: in babba ya yi magana ƙarami kan haɗiye tasa, wanda kuma ya furta ra'ayi a gaban jama'a yakan ji nauyin janye shi. Saboda haka aka riƙa aika wa kowa tambayoyi a rubuce, har sau 5, ana sanar da shi bayanai da dalilan da sauran suka kawo ba tare da ambaton suna ba. Aka raɗa wa dabarar sunan Delfi, wurin bokancin Girkawan dā.

A zagayen farko amsoshin sun kama daga bam 50 zuwa 5,000, watau mafi girma ya ninka mafi ƙanƙanta sau 100. A ƙarshe tazarar ta dawo kamar ninki 3, bayan gyare-gyaren masu binciken kuma ta zama kamar ninki 2. Wannan gyara na ƙarshe abin lura ne, domin hannun mai shirya tambaya ya shiga cikin amsa ke nan. Ba a buga sakamakon ba sai 1963, saboda sirrin soja.

To, a nan gizo ke saƙa. Yaƙin bai auku ba, don haka babu ma'aunin da zai nuna ko masanan sun haɗu ne a kan daidai ko a kan kuskure. Gwajin da ya fi amfani gare mu shi ne na 1964, inda Theodore Gordon da Helmer suka tambayi masana game da makomar kimiyya. Sun yi hasashen saukar ɗan Adam a kan wata wajen 1970, ya kuwa sauka a 1969. Amma da irin wannan haɗin baki suka sa ran za a taka duniyar Mars kafin shekarar 2000, abin da har yau bai faru ba. A ganinmu sun yi daidai ne a inda aiki ya riga ya kankama kuma aka ware masa kuɗi, suka kauce a inda hasashe ya dogara ga shawarar 'yan siyasar da ba su hau mulki ba tukuna.

A 1974 Harold Sackman, shi ma ma'aikacin RAND, ya soki tsarin da kakkausar murya, yana ganin matsin bin rinjaye bai gushe ba, kama kawai ya sauya: mai ra'ayin gefe yakan matso tsakiya don ya huta, ko da ba a gamsar da shi ba. Duk da haka Japan, wadda ta fara amfani da tsarin a 1971 wajen hasashen fasaha, ta ci gaba da maimaita shi kusan kowace shekara 5.