Intanet Kyauta ga Mutanen Ƙauye: Waiwaye

Yau na jingine labarin soyayya, zan ɗan taɓo tarihi.

A 2013 ne Mark Zuckerberg mai Facebook ya fito da shirin Internet.org, wai don talakan karkara ya shiga intanet ba tare da ya biya ko kwabo ba. Aka fara da Zambiya a 2014, a 2015 aka sauya masa suna Free Basics, a 2016 kuma ya iso Najeriya ta layin Airtel.

Wallahi na yi murna, don ina ganin ƙanwata da ke aure a ƙauye za ta riƙa karanta labaraina a wayarta. Ashe kyautar da shingenta: shafukan da kamfanin ya amince da su kaɗai ke buɗuwa. Irin wannan wariya ce ta sa Indiya ta haramta shirin a Fabrairun 2016. Uwa uba, garin da ba ƙarfen sabis, kyautar ba ta isa can. Ƙanwata sai ta hau tudu kafin kira ma ya shiga.

Jama'a, mai ba ka kyauta shi ke zaɓa maka abin karantawa. Allah Ya sa mu dace, amin.