Ganuwa Ba Ta da Rufi: Tsaron Soja a Zamanin Jirage Marasa Matuƙa

Kwanakin baya wata uwa a nan Cadawa ta nuna mini hoton ɗanta a waya. Yaron tsohon ɗalibina ne, yanzu soja ne. Yana tsaye gaban tanti, motocin rundunarsu jere a bayansa. Ta ce: "Malam, Alhamdu lillahi ba a fagen daga yake ba, yana can baya cikin bariki." Har ta ɗora hoton a WhatsApp don dangi su gani. Na taya ta murna, amma kalmar nan "baya" ta tsaya mini a rai, domin tarihin da nake koyarwa ya nuna ma'anarta ta sauya.

A zamanin kakanninmu, baya wuri ne da ake iya nunawa da yatsa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda dakarun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda, Gobirawa sun kafa Tsibiri ƙarƙashin Mayaƙi, a cikin gundumar Gidan Rumji ta yau. Garuruwan wancan lokaci suna dogara da ganuwa, da gwalalo, da sarƙaƙiyar ƙaya. Maƙiyi a kan doki yake zuwa, ƙurarsa tana riga shi isowa, kuma dole ya biyo ta ƙofa. Wanda ya shiga cikin birni ya kwanta ya yi barci.

Igwa ce ta fara karya wannan lissafi. A ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka fasa ƙofa suka shiga Kano, duk da kaurin ganuwarta. Amma ko igwa sai an jawo ta kusa. Jirgi maras matuƙi ya zo da wani abu dabam: ta sama yake bi, ba ruwansa da ƙofa.

Da farko manyan ƙasashe kaɗai ke da shi. A nan Nijar, Amurka ta gina sansanin 201 a Agadas domin irin waɗannan jirage, ta kuma fice daga cikinsa a watan Agusta 2024. Yau kuwa ƙaramin jirgin da ake ɗaukar bidiyon biki da shi ana iya ɗaura masa abin fashewa. A ranar 28 ga Janairu 2024 wani jirgi maras matuƙi ya faɗa wa ɗakunan kwanan sojojin Amurka a wani ƙaramin sansani da ke Jodan, ya kashe uku, ya raunata gommai. A makwancinsu abin ya same su. A Disamban 2024 kuma mayaƙan ISWAP suka kai wa sansanin sojojin Najeriya na Wajiroko a jihar Borno hari da irin waɗannan jirage. Borno ba ta da nisa da Diffa, inda 'ya'yanmu da yawa ke aiki.

To yaya ake kare soja? Yaƙin Ukraine ya koya wa duniya dabaru, kuma wasunsu ba baƙi ba ne a wurinmu. Na farko, rarrabuwa: ba a tara mutane da motoci da man fetur wuri guda, domin taro ne ke jan ido daga sama. Na biyu, rami mai rufi da buhunan yashi, wato ganuwar da a wannan karon aka yi mata rufi. Na uku, raga: a can har ragar masunta ake shimfiɗawa bisa hanyoyi da motoci, jirgin ya sarƙe kafin ya kai ga mutum. Na huɗu, na'urorin da ke katse saƙo tsakanin jirgin da mai sarrafa shi, ko da yake an ƙero masu jan siririn zaren gilashi waɗanda katsewar ba ta kama su. Sai mai gadi, wanda a da yake duban ƙura, yanzu kuma yake kasa kunne ga ƙugi daga sama.

Duk waɗannan aikin hafsoshi ne da gwamnati, kuma haƙƙinmu ne mu tambaya ko ana yi wa 'ya'yanmu tanadinsu. Amma akwai kaso guda da ke hannunmu. Jirgi ba ya kai hari sai an san inda za a tura shi. A 2018 wata manhajar motsa jiki mai suna Strava ta fallasa taswirar sansanonin Amurka a Afganistan da Siriya, ba don komai ba sai don sojoji suna gudun safe da na'urorinsu a kunne. Hoto ɗaya yana iya nuna yawan motoci, da inda ake kwana, da dutsen da ke kusa. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Yau waya ma baki ce.

Saboda haka, iyaye, in ɗanku ya kira, ku tambayi lafiyarsa, kada ku matsa sai ya faɗi inda yake ko ranar da za su tashi. Hoton da ya aiko ku bar shi a gida. Mu kuma malamai, idan mun kai darasin ganuwa, mu ƙara wa yara tambaya: wace ƙofa ce a buɗe a zamaninmu?

Na koma wurin uwar nan na yi mata wannan bayani. Ta yi shiru, sannan ta miƙa wa jikarta wayar ta ce a cire hoton. Allah Ya tsare mana su, Ya dawo da su lafiya.