Yadda mafarauta ke zaɓen madubin hangen nesa na bindiga

A kowace shekara, musamman a watan Nuwamba, miliyoyin Amurkawa ne ke shiga daji farautar barewa, kuma galibin masu riƙe da doguwar bindiga a cikinsu sukan ɗaura mata madubin hangen nesa.

Madubin dai wani bututu ne mai gilasai a ciki, wanda ke kusanto da abin da ke nesa. A tsakiyarsa akwai siraran layuka biyu da suka gitta juna, kuma inda suka haɗu nan ake sa ran harsashi zai sauka.

Farashinsa na farawa daga ƙasa da dala 100 ya kai fiye da dala 3,000. To sai dai kuskuren da sababbin shiga suka fi yi ba na kuɗi ba ne. Sukan ɗauka cewa madubin da ya fi girmama abu shi ya fi kyau.

Ma'anar lambobin

A jikin kowane madubi akwai lambobi, kuma wanda ya daɗe yana tashe a wurin mafarautan barewa a Amurka shi ne 3-9x40. Ma'anarsa ita ce ana iya murza shi ya girmama abu daga ninki 3 zuwa ninki 9, sa'annan faɗin gilashinsa na gaba milimita 40 ne.

Barewar da ke nisan yadi 300, idan aka dube ta a ninki 9, za ta zama tamkar tana yadi 33. Amma yayin da ninkin ke ƙaruwa, filin da ido ke gani yana tsukewa, rawar hannu da numfashin maharbi ma sai su ninku. Dabbar da ta zabura daga cikin duhuwa tana iya ɓacewa kafin mutum ya laluɓo ta a madubin.

Don haka yanayin dajin ne ke yanke hukunci. A dazuzzukan gabashin Amurka masu cunkoson itatuwa, inda harbi ba kasafai yake wuce yadi 100 ba, ninki 3 ko 4 ya wadatar. A filayen jihohin Wyoming da Montana, inda babu abin da ke tare ido, akan nemi wanda ya kai ninki 12 ko fiye.

Masu farautar ɓauna da lasisi a Tanzaniya da Zimbabwe kuwa ƙasa suke komawa, zuwa ninki 1 zuwa 4 ko makamancin haka, domin ɓaunar da ta fusata ba ta ba mutum lokacin nemanta a cikin gilashi.

Batun haske

Barewa ta fi yawo da asuba da kuma gab da magariba, saboda haka haske ya fi girmamawa muhimmanci. Akwai lissafi mai sauƙi: a raba faɗin gilashin gaba da ninkin da ake kai. Madubi mai milimita 40 a ninki 9 yana aiko wa ido haske mai faɗin milimita 4.4, a ninki 5 kuwa milimita 8.

Ƙwayar idon matashi takan buɗe har kusan milimita 7 a cikin duhu, ta dattijo kuma sau da yawa ba ta wuce 5. Duk hasken da ya zarce wannan faɗi ba ya shiga ido. Wannan ne ya sa mafarautan Jamus, waɗanda ke kwanton aladen daji a farin wata, suka daɗe da riƙon 8x56, wanda lissafinsa ke ba da milimita 7 cif. Wanda ke farauta da rana, in ya sayi irinsa, nauyi kawai ya ƙara wa kafaɗarsa.

Ingancin gilashin kansa ma abin dubawa ne. Kowace fuskar gilashi da ba a yi wa shafe ba tana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata, ga shi kuma madubi ɗaya na da fuskoki da dama. A shekarar 1935 ne Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a Jamus ya samar da shafen da ke rage wannan asara. Yawancin bambancin farashi tsakanin madubin tsada da na arha a nan yake, kuma ba a gane shi a cikin kanti mai fitilu, sai an leƙa waje da yamma.

Gira da raɓa

Doguwar bindiga takan yi baya da ƙarfi idan ta tashi. Madubin da ke tilasta wa mutum kusanto da ido yakan fasa masa gira, tabon da mafarauta da dama ke ɗauke da shi. Tazarar da ake so tsakanin ido da madubi ita ce inci 3 zuwa 4, kuma gwargwadon ƙarfin harsashi, gwargwadon buƙatar ƙarinta.

Haka nan dole madubin ya jure ruwa da sanyi. Kamfanin Leupold na jihar Oregon yana ba da labarin cewa Marcus Leupold ya taɓa rasa barewa saboda madubinsa ya yi raɓa ta ciki, abin da ya sa a ƙarshen shekarun 1940 kamfanin ya shiga ƙera nasa, yana cire iskar ciki yana maye gurbinta da naitirojin. A yau wannan dabara ta zama gama-gari. Shi ne kuma a 1962 ya fito da layukan saiti masu kauri a gefe da siranta a tsakiya, waɗanda aka sani da Duplex.

Bayan saye

Akwai tsohuwar shawara cewa a kashe wa madubi kwatankwacin abin da aka kashe wa bindigar. Ko ba a bi ta ba, bai kamata a yi rowa wajen zobban da ke riƙe shi ba. Bututun yawanci inci 1 ne ko milimita 30, kuma zoben wani ba ya shiga wani. Jabun kaya ma sun yawaita a intanet, har manyan kamfanoni na gargaɗi a kai.

A cikin kasafin akan so a bar kuɗin madubin hannu mai ido biyu. Darussan kare lafiya da jihohin Amurka ke ba mafarauta sun hana amfani da madubin bindiga wajen tantance abin da ke motsi, domin duk abin da aka duba da shi bakin bindiga na kansa, kuma yana iya zama mutum.

Daga nan sai saiti a filin gwaji, galibi a yadi 100. A yawancin madubin Amurka, kowane ƙas ɗaya na mamurɗin saiti yana gusar da inda harsashi ke sauka da kimanin rubu'in inci a wannan nisa, a na Turai kuwa santimita 1 a mita 100. Saitin da ya kauce da 'yan inci kaɗan ya isa ya sa a raunata dabba ta tsere ta je ta mutu a wahalce. Duk lokacin da aka sauya nau'in harsashi, ko bindigar ta faɗi, sai an koma filin an sake gwadawa.