Zaren Gora da Wutar Lantarki

A shekarar 1880, Thomas Edison na Amurka yana neman zaren da zai daɗe yana ci a cikin ƙwan fitila. Bayan gwaje-gwaje masu ɗimbin yawa, sai ya tarar babu kamar silin gora wanda aka mayar gawayi. Ya aiki William Moore zuwa Japan, shi kuwa ya samo gora mai kyau a Yawata, kusa da Kyoto. Ƙwan da aka yi da ita yakan ci fiye da awa 1,200.

Amma fa gawayin ne ke ɗaukar lantarki, ba gorar kanta ba. Don haka masu ɗinka ƙananan fitilu a jikin tufafi a yau, tilas su haɗa zaren gora da na azurfa ko na ƙarfe marar tsatsa.

Shi kansa zaren, galibinsa rayon ne. Akan narkar da gora cikin magunguna masu kaifi, sa'an nan a ja ta zare, bisa dabarar da Cross da Bevan da Beadle suka yi wa rajista a Ingila cikin 1892. A 2009 hukumar ciniki ta Amurka ta tuhumi kamfanoni huɗu da laifin sayar da rayon da sunan gora tsantsa.