Daga Damin Gero Zuwa Hukuma: Yadda Zakka Ta Yi Gida a Sakkwato

Kowane azumi, da la'asar sakaliya, za ka ga yara a Sabon Gari cikin Sakkwato suna wucewa da kwanoni da robobi, wani ma da murfin tukunya a kai, sun nufi inda ake rabon abincin buɗa baki. Kunu ne da ƙosai, ran da aka yi sa'a a sami shinkafa. Da an ga watan Salla tukwane su koma ɗaki. Ita kuwa yunwa ba ta duban wata. To, wa ke riƙe da mabukata a sauran shekara?

Amurkawa sun amsa wannan tambaya da abin da suka kira bankin abinci. A 1967 wani mutum mai suna John van Hengel ya fara tattara abincin da manyan kantuna za su zubar a birnin Phoenix, yana adanawa yana rabawa. A 1979 irin waɗannan rumbuna suka haɗu ƙarƙashin inuwa ɗaya, wadda tun 2008 ake kira Feeding America, mai bankuna kusan 200. Tsari ne mai kyau, sai dai a kan rarar kanti aka gina shi. Mu nan ba mu da wannan rarar. Gona muke da ita, da farillar da ta hau kan amfaninta.

Manomin ƙasar Hausa ya san lissafin tun kafin ya san ofis. Idan hatsi ya kai nisabi, dami ɗaya ake fitarwa cikin goma in ruwan sama ya shayar da gonar, rabin haka in ban ruwa aka yi da wahala. A zamanin daular da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa bayan jihadin 1804, hukuma ce ke karɓar wannan zakka. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai a hankali suka narkar da ita cikin haraji. Zakka ta koma tsakanin mutum da Ubangijinsa: mai tsoron Allah ya fitar ya ba maƙwabci, wanda ya ga dama ya yi shiru.

Dawo da shari'a a Zamfara a 1999, da jihohin da suka bi sahu, shi ya sake buɗe maganar. A Sakkwato, gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko ta kafa kwamitin zakka da waƙafi a 2007. Kwamiti kuwa, kowa ya sani, ransa na hannun wanda ya naɗa shi. Shi ya sa 2016 ta fi muhimmanci a wurina, shekarar da aka yi doka a zamanin Aminu Waziri Tambuwal, kwamiti ya zama Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Malam Muhammad Lawal Maidoki shi ne wanda aka fi sani da jagorancinta.

Ƙarfin hukumar ba a ofishinta na birni yake ba. Yana cikin gundumomi sama da 80 da ke ƙananan hukumomi 23 na jihar, inda uwayen ƙasa da limamai ke riƙe da kwamitoci, da goyon bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Bayan kaka ana tara gero da dawa da shinkafa, a raba a gundumar da aka tara su. Hikimar ke nan. Mai unguwa ba ya bukatar takarda kafin ya san gidan da aka kwana biyu hayaƙi bai tashi ba, ko matar da miji ya rasu ya bar mata marayu, wadda kunya ba za ta bar ta ta shiga layi ba. Da tafiya ta yi tafiya aikin ya wuce hatsi: shinkafa da shanun yanka ga marayu lokacin Salla, kuɗin magani, jinyar masu taɓin hankali, jari ga mata.

Amma kada a yi tuya a manta da albasa. Babban kaso na abin da ake kashewa daga aljihun gwamnatin jiha yake fitowa, kuma attajirai da yawa har yau sun fi son su raba tasu zakkar a ƙofar gida, inda za a gani a yi godiya. Wasu kuma ba rowa ba ce, amana ce ba su gama bayarwa ba.

Sannan ga gonar kanta. A gabashin jihar, wajajen Isa da Sabon Birni da Rabah, 'yan bindiga sun raba manoma da yawa da ƙauyukansu. Wanda a da yake fitar da dami biyar ya ba wasu, yau yana rakuɓe cikin kangon gini a birni shi da iyalinsa. Bayan da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kwanon gero ya yi tashin gwauron zabi, layin masu karɓa ya ƙara tsawo. Cikin yaran nan masu robobi a Sabon Gari, akwai waɗanda iyayensu suka baro rumbu cike a ƙauye.