Daga Gafakar Wurno Zuwa Foldar Kwamfuta: Tarihin Ajiyar Rubutu

 

Da wuya wata ya wuce ba mu ji kukan ɗaya daga cikinmu a wannan zaure ba. Wannan wayarta ta faɗa ruwa, wancan memorinsa ya ce sai an yi masa fomat, wani kuma kwamfutar shagon buga takardu ce ta cinye masa littafi mai babi talatin. Mukan yi jaje, mu ce Allah Ya mayar da alheri, mu wuce. Amma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancinmu mun iya rubutu ne ba mu iya ajiya ba. Muna danna maɓallin ajiyewa, ba mu san inda rubutun ya tafi ba, balle yadda na'urar ke gano shi gobe. Shi ya sa yau za mu bi tarihin ajiyar rubutu, kuma daga gida za mu fara, wato daga Wurno.

A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Ana lissafa masa rubuce-rubuce fiye da ɗari, cikinsu har da Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812. Yau kusan shekara ɗari biyu da rasuwarsa, ana karanta littattafan nan, ana fassara su, ana rubuta digiri a kansu. Mu kuwa labarin da muka buga shekara biyar da ta wuce ya gagare mu nemowa. Me suka sani da mu ba mu sani ba?

Littafin wancan zamani ba a ɗinke yake ba. Warƙoƙi ne sake, akasari na takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku da ake yi a Italiya, fatake su ƙetaro Sahara da ita. Ana jera warƙoƙin tsakanin tadarishi, a ɗaure, a zura a gafaka. Ba a cika sa lambar shafi ba. To, in iska ta watsa su, ko yaro ya hargitsa, yaya za a mayar da kowace warƙa mazauninta? Dabarar magabata ita ce, a ƙasan bayan kowace warƙa mai kwafa yakan rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye. Larabawa na kiran wannan kalma ta'aƙiba. Kowace warƙa tana nuna ƙanwarta, har a kai ƙarshe. Mu riƙe wannan dabara a ranmu, za mu sake haɗuwa da ita a cikin kwamfuta.

Ban da ta'aƙiba, akwai abu uku da suka kiyaye. Na farko suna: marubuci yakan ambaci sunansa da sunan littafinsa tun a shafin farko, mai kwafa kuma yakan sa nasa a ƙarshe, wani lokaci har da ranar da ya gama. Na biyu jeri: Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya jero sunayen littattafan Bello a littafin da ya rubuta a kansa, kuma masu bincike na dogara da wannan jeri har yau. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne kwafi. Ɗalibi ba ya mallakar littafi sai ya zauna ya kwafe shi da hannunsa, ya tafi da shi garinsu. In gara ta ci na Wurno, akwai na Gwandu. In gobara ta cinye na Gwandu, akwai na Kano ko Yola.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris na 1903, wata irin ajiya ta shigo, ta ofis. A nan kalmar fayil ta shiga bakin Bahaushe, tun babu labarin kwamfuta. Fayil a lokacin bango ne na kwali da ake tara takardun magana ɗaya a ciki, a rubuta masa suna da lamba a goshi, a shigar da lambar a rajista, a jera shi a kabad. Lokacin da aka naɗa Ahmadu Bello, jikan jikan Shehu kuma haifaffen Rabah, hakimin Rabah a 1934, aikin hakimi ya riga ya zama na takarda: kuɗin haraji, jangali, ƙidayar jama'a, wasiƙu zuwa Sakkwato. Fayilolin Lardin Sakkwato na wancan zamani suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, an yi musu alamar SOKPROF, kuma da lambar fayil mai bincike ke neman su. Gidan da Sardauna ya zauna a Kaduna ma ya zama Arewa House a 1970, inda ake adana takardu da rubuce-rubucen hannu. Darasin ofis ɗaya ne: takardar da ba a shigar a rajista ba, ko tana cikin ɗakin, ɓatacciya ce.

Yanzu mu shiga kwamfuta. Abu uku ya kamata marubuci ya bambance a cikinta. Akwai masarrafa, wadda ke yin lissafi da bin umarni. Akwai ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, wadda tamkar allo take: a kanta ake aikin yanzu, da wuta ta ɗauke an wanke. Sai ma'adanar dindindin, wato faifan ciki, ko filash, ko memori, wadda ita ce takarda. Duk abin da muke bugawa a kan allo yake, sai mun danna ajiyewa yake komawa takarda. Wanda ya yi awa uku yana bugu bai ajiye ba, NEPA ta ɗauke, ya san zafin wannan bambanci.

Mai kula da waɗannan duka ita ce babbar manhaja, irin su Windows, da macOS, da Linux, da Android ta wayoyinmu. Ita ce ke raba wa kowace ƙaramar manhaja lokacinta da wurinta, ita ce kuma ke riƙe da rajistar ajiya. Ƙa'idar da take bi wajen ba rubutu suna, da ba shi wuri, da gano shi in an nema, ita ake kira tsarin fayil.

Wannan tsari bai zo a rana ɗaya ba. A 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da faifan ajiya na farko, mai faranti 50, wanda duk girmansa bai ɗauki fiye da haruffa kimanin miliyan biyar ba. Hoto ɗaya na wayar zamani na iya cika shi. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina babbar manhajar Unix a ɗakin binciken Bell, suka yaɗa tsarin ajiya mai kama da bishiya: saiwa ɗaya, rassa, kowane reshe da 'ya'yansa, wato jaka cikin jaka. A 1981 MS-DOS ta fito tare da kwamfutar tebur ta IBM. A cikinta sunan fayil ba ya wuce harafi takwas, sai ɗigo da harafi uku masu nuna irinsa, kuma sai a 1983 ta samu damar sa jaka cikin jaka. A 1984 Macintosh ta kamfanin Apple ta kai wa jama'a fuskar da muka saba da ita yau: tebur, da 'yan hotunan folda, da kwandon shara. Ofis aka kwaikwaya, irin wanda akawun hakimin Rabah zai gane da kallo ɗaya. Da Windows 95 ta zo, sunan fayil ya samu damar kaiwa harafi 255. Linus Torvalds, ɗalibi a ƙasar Finlan, ya fara Linux a 1991, kuma a kan ginshiƙinta aka gina Android.

Ga inda ta'aƙiba ta dawo. A 1977 kamfanin Microsoft ya ƙirƙiro tsarin da ake kira FAT, wanda jikokinsa, FAT32 da exFAT, su ne a kan mafi yawan filash da memorin da ke aljihunmu. An yanka faifai ƙananan gurabe masu girma ɗaya, kowanne da lambarsa. Littafinmu ya fi gurbi ɗaya, saboda haka ana rarraba shi duk inda aka samu fili, ba lallai a jere ba. Folda tana riƙe sunan fayil da lambar gurbinsa na farko. Sai wani jadawali ya ce: daga gurbi na 12 a tafi na 40, daga na 40 a tafi na 41, nan ne ƙarshe. Kowane gurbi yana da mai nuna ƙanensa, kamar warƙoƙin gafaka.

Sai dai akwai bambanci mai muhimmanci. Malamin Wurno ya rubuta manuniyarsa a jikin kowace warƙa, FAT kuwa ta tara dukan manuniyoyin a jadawali a farkon faifai. In muka fizge filash ana tsakar rubutu, jadawalin na iya lalacewa. Rubutun na nan a gurabensa, amma babu mai faɗin wanne ke bin wanne. A lokacin ne kwamfuta ke cewa a yi fomat. Don rage irin wannan haɗari, tsarin NTFS da Microsoft ta fitar a 1993 yakan fara rubuta abin da yake shirin canzawa a wani ɗan kundi kafin ya taɓa rajista, ta yadda in wuta ta ɗauke zai san inda ya tsaya.

Wannan ilimi yana da amfani ranar tsautsayi. In muka goge fayil a filash ko memori, galibi suna aka soke a rajista, aka ce gurabensa sun zama fili. Rubutun yana nan har sai an ɗora wani a kansa. Saboda haka kada mu sake zuba komai a ciki, kada mu amsa tayin fomat, mu cire shi mu kai wa wanda ya san aikin dawo da bayanai. Amma ma'adanar cikin wayoyin zamani ba ta cika ba da wannan dama ba, abin da ya tafi ya tafi.

Mu masu rubutun Hausa muna da ƙarin matsala tamu, ta haruffa masu lanƙwasa. Kwamfutocin farko ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da zubin haruffan Hausa, aka samu sauƙin buga littattafai, kuma har yau masu buga takardu na tuna zubin Rabi'at. Sai dai irin wannan zubi aron mazaunin wasu alamomi yake yi, don haka in aka buɗe fayil a kwamfutar da ba ta da shi, sai lanƙwasar ta rikiɗe ta zama wata alama. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, har da namu. Duk mai tsohon rubutu a tsohon zubi, ya mayar da shi Unicode tun yana da kwamfutar da ke iya karanta shi.

Saura maganar kwafi, kuma a nan Goronyo ta koya mana darasi biyu. A Satumbar 2010 ruwan kogin Rima ya yi ambaliya daga yankin madatsar ruwa ta Goronyo, ya ci garuruwa da gonaki har zuwa Sakkwato, ya yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ruwa ba ya bambance gafaka da laftof; duk abin da ke ɗaki ɗaya tare yake tafiya. Wani zai ce ai shi a intanet yake ajiya. To, a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, Rabah da Goronyo na ciki. Wanda rubutunsa ke intanet kaɗai, ya zama yana da shi amma ba ya iya kaiwa gare shi. Wanda nasa ke ɗaki kaɗai, ruwa na iya raba shi da shi. Kowace ajiya da inda take gazawa, shi ya sa ɗaya ba ta isa.

Me za mu ɗauka daga wannan tarihi? Abin da magabata suka yi, shi za mu yi da kayan zamaninmu.

Mu ba rubutu suna na gaskiya. Fayil mai suna "sabo" ko "na ƙarshe 2" warƙa ce marar ta'aƙiba. Mu sa sunan littafi, da lambar babi, da kwanan wata, mu kuma rubuta sunanmu a cikin shafin farko, domin sunan fayil kowa na iya canza shi.

Mu ba kowane littafi foldarsa, mu kuma ajiye jeri guda na duk abin da muka rubuta da inda yake, kamar yadda Waziri Giɗaɗo ya yi wa Bello.

Mu yi kwafi uku a wuri uku: ɗaya a na'urar da muke aiki, ɗaya a filash da ke wani gida daban, ɗaya a imel ko wata ma'adana ta intanet. Littafin da ya kammala, mu buga shi a takarda. Facebook da WhatsApp kasuwa ce ta baje koli, ba rumbu ba ce. Ranar da aka rufe shafi ko aka sace layi, babu wanda za mu kama.

Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Aikinmu na wannan mako ba rubutu ba ne: kowa ya buɗe wayarsa ko kwamfutarsa, ya nemo rubutunsa mafi tsufa, ya gyara masa suna, ya yi masa kwafi biyu. Sannan ya dawo nan ƙasa ya faɗa mana shekarar da ya rubuta shi, da kuma ko ya buɗu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka rubuta suka kuma adana, Ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.