Abin da Ke Riƙe Sabuwar Filasta: Nazari kan Toshe Ramin Waya a Gidajen Yagwa

A gidajen Yagwa da aka sa wa wutar lantarki bayan an gama gini, ana iya bin hanyar waya da ido. Tsaga biyu ne sirara, suna tafiya tare daga makunni zuwa saman bango. In aka ƙwanƙwasa tsakaninsu sai a ji amo kamar na ƙwarya, alamar cewa cikon da birkila ya yi ya rabu da bangon, jingina kawai yake. Mai gida kan ɗora laifin a kan siminti, shi kuma birkila ya ce ba a saya masa gam ba. Wannan nazari na ganin matsalar ta fi kusa da ruwa: wanda bango ke shanyewa a ranar aiki, da wanda ke dawowa cikinsa da damina. A kan waɗannan biyu ya kamata a zaɓi abin haɗi.

Siminti ba bushewa yake yi ya ƙarfafa ba, haɗuwarsa da ruwa ce ke mayar da shi dutse, kuma aikin yana cin kwanaki. Tsohuwar filasta da bulon da aka fasa da kurfi busassu ne, ga ƙura ta lulluɓe su. Da an ɗora ɗanyen kwaɓi sai su zuƙe ruwan da ke bakin haɗin kafin siminti ya kama. A Yagwa, inda zafin Maris zuwa Mayu kan haura digiri 40, iskar hunturu kuma ba ta da laima, wannan na faruwa cikin mintoci. Sabon ciko yana tsukewa yayin da yake bushewa, tsohon bango kuwa ya gama tsukewarsa tun tuni, don haka bakin haɗin ne ke buɗewa. Ga kuma bututun roba da waya ke ciki, mai santsi ne, siminti ba ya kama shi.

Ruwa na biyu daga ƙasa yake zuwa. Garin na zaune a kwarin kogin Logon, daura da Bongor ta ƙasar Cadi, a shimfiɗar laka da kamfanin SEMRY ke noman shinkafa tun 1971. Ambaliyar 2012 da ta 2024, wadda ta karya gadar cikin gari a watan Satumba, sun nuna inda ruwa ke kaiwa. Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, gindin bango na tsotsar laima daga ƙasa tare da gishiri, soket kuwa a ƙasa-ƙasa ake sa shi, daidai inda laimar take.

Mafi araha cikin abubuwan haɗi shi ne farin gam irin na kafinta, wanda ake kira PVA. Yana rage shan ruwan bango, yana kuma riƙe filasta a ɗaki busasshe. Aibinsa shi ne ruwa na sake narkar da shi. Ma'aunin Amurka mai lamba ASTM C1059 ya raba irin waɗannan gam kashi biyu a kan wannan hali: wanda ke sake narkewa, an taƙaita shi ga cikin ɗaki inda ba laima, da wanda ba ya narkewa. Bangon da ke shan laima wata uku ko huɗu a shekara ba wurin PVA ba ne. Gam ɗin yakan yi kyau duk rani, ya saki da damina, lokacin da birkila ya daɗe da karɓar kuɗinsa.

Na biyu shi ne ruwan roba na SBR, wanda magina a ƙasashe masu amfani da Faransanci suka fi sani da sunan SikaLatex. Ba a shafa shi shi kaɗai. Ana sirka shi da ruwa bisa ma'aunin da ke jikin galan, a dama da siminti ya yi kaurin kunu, a goga cikin ramin da buroshi, a ɗora kwaɓi tun yana ɗanye. Nan ne kuskure ya fi yawa. In aka bar shi ya bushe, fata yake yi mai hana ruwa shiga, sai abin da aka saya don haɗi ya zama shi ne mai rabawa. Gam na akirilik ma yana jure laima, ya kuma fi jure rana a bangon waje.

Akwai hanya ta uku da ba ta buƙatar galan: watsin siminti, wanda magina masu Faransanci ke kira gobeti. Siminti ɗaya, yashi mai kaushi ɗaya ko biyu, a dama ruwa-ruwa, a watsa da ƙarfi a bangon da aka share aka jiƙa, a bar shi ya kwana ana yayyafa masa ruwa. Kaushin da ya bari shi ne haƙoran da filasta za ta kama. A bulon siminti mai kaushi, a bangon ciki da ya yi nisa da ƙasa, wannan ya wadatar. SBR na da amfani a kan kankare mai santsi kamar ginshiƙi, da banɗaki, da mita ɗaya na gindin bango.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne farar hodar jibsin da masu wayarin ke kafa akwatin soket da ita don tana kamawa nan take. In aka rufe ta da siminti a wuri mai laima, sinadarin salfet da ke cikinta na haɗuwa da simintin ya kumbura, ya ture cikon waje. A ƙasan bango, da siminti ya kamata a kafa akwati.

Gidaje da yawa a Mayo-Danay, yankin da Yagwa take, na ƙasa ne, wasu an yi musu rigar siminti. A nan babu gam ɗin da zai taimaka, domin duk ƙarfin riƙonsa fatar ƙasar kawai ya kama, ita kuma za ta ɓalle tare da shi. Siminti kuma yana tare laima a cikin bangon har ƙasar ta ruɓe ta ciki. Maginan Musgum na Pus, masu dogayen ɗakunan laka, da laka suke gyara laka. Maginan Kano ma daga abin da ke jituwa da ƙasa suka haɗa kariyarsu: makuba daga kwasfar ɗorawa, da laso daga katsin marina, gashin akuya da dafara. Ramin waya a bangon ƙasa a jiƙa shi, a cike da irin ƙasar da aka yi ginin, da yankakkiyar ciyawa, kaɗan-kaɗan. Abin da ya fi ma shi ne a bi da wayar ta kan bango cikin kwararon roba, kada a fasa.

Ko da wane gam aka zaɓa, kada ciko ya fi bangon ƙarfi: siminti ɗaya, yashi huɗu ko biyar. Simintin Figil yana isowa Yagwa da tsadar mota, kuma yawansa a kwaɓi ƙara tsagewa yake yi. A kafe bututun kada ya motsa, a rufe shi da abin da bai gaza santimita ɗaya ba, a shimfiɗa raga ta haura bakin ramin hagu da dama, a cike a hawa biyu, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Fenti ya jira mako 4.

Mai gida, kafin ka ba da kuɗin gam, ka sa a duba bangon: na bulo ne ko na ƙasa, kuma ina laima ta tsaya a daminar bara. Ƙasa da wannan layi a sa SBR cikin kunun siminti, sama da shi watsi ya isa, bangon ƙasa kuma a mayar masa da ƙasarsa.